Rumfar Zubaidatu a Garaku

Da Zubaidatu ta ga hoton, sai da ta ajiye wuƙar da take feraye mangwaro da ita. Mama Priskila, shugabar matan da ke kawo mata mangwaro a Garaku, ita ce ta miƙo mata wayar. Ga Malam Mijinyawa nan cikin kwat, ya harɗe hannu a gaban na'urar busar da mangwaro mai aiki da hasken rana. An rubuta cewa yana cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe na gasar masu sababbin sana'o'i da ake yi ta intanet. Na'urar tata ce. Hoton ma ita ta ɗauke shi, ran da ya zo ganin aiki yana ta sa mata albarka.

Malam Mijinyawa shi ne jagoran da masu shirya gasar suka haɗa ta da shi. Duk Asabar takan zauna a zauren gidansu a unguwar Liman Abaji, inda netwok ya fi kamawa, ta kira shi ta bidiyo. Ba abin da ta ɓoye masa: yadda mangwaro ke ruɓewa a gindin bishiya, yadda take busar da shi, waɗanda ke saye a Abuja. Shi kuwa sai gyaɗa kai da sannu da ƙoƙari. Amma da ta ce za ta shiga gasar, amsarsa ɗaya ce.

"Ba ki shirya ba tukuna, ƙanwata. A bari sai zagaye na gaba."

Ta bari, har aka rufe rajista. Ashe bawan Allah ya tuɓe rigar jagora ya sa ta ɗan takara. Wanda ya ci gasar za a haɗa shi da babban kamfanin da ke fitar da busasshen mangwaro waje. Idan Mijinyawa ya ci, sana'ar ta koma sunansa ke nan, ita da matan Garaku su zama 'yan ƙwadagonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

"'Yata, ki kai ƙararsa," in ji Mama Priskila.

"Wajen wa, Mama? Shekararsa nawa yana cin abinci da masu shirya gasar? Ni wa ya san ni?"

Ba ta yi kuka ba. Haushi ne ya kama ta, kuma ta ƙudura a ranta sai ta ga ya ji kunya a bainar jama'a.

Ba ta ma nemi hanya ba, shi ya kawo kansa. Dokar zagayen ƙarshe ita ce kowa ya nuna wa alƙalai wurin aikinsa kai tsaye, shi kuwa Mijinyawa ko tire ɗaya na shanya bai mallaka ba. Ya bugo mata waya, murya kamar zuma.

"Ƙanwata, ran Laraba zan nuna rumfarki ga wasu manya, ko Allah zai sa su taimake ki. Ki bar mini makulli a shagon mai cajin waya. Ba sai kin zo ba, kin san ki da kunya. Allon sunan nan naki kuma ki sauke shi, ya tsufa."

"To, Malam. Allah ya saka da alheri."

Zubaidatu ta san mutumin nan ciki da waje, don shi da bakinsa ya koya mata salonsa. Kullum yana cewa alƙalai sun gaji da surutu, a ba su abin mamaki. Ka fara magana daga waje, ka ja musu rai, sannan ka buɗe ƙofa a gaban idonsu. Ya sha yin alfahari cewa shi ba ya gwaji, gwaji na sababbin shiga ne. Ta tabbata ba zai leƙa ciki ba sai kyamara na kunne.

Ran Laraba da safe aka kawo Keke Napep biyu. Matan suka kwashe na'urorin da tire-tiren da buhunan busasshen mangwaro zuwa gidan Mama Priskila. Sannan suka bi gindin bishiyoyi suka tsinto ruɓaɓɓen mangwaro, wanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci, suka jibge a tsakiyar rumfar. Allon sunan kuwa ta sauke shi kamar yadda ya ce. Ta rataye shi a ciki, daidai inda idon mai buɗe ƙofa zai fara sauka.

Da azahar suka zauna a inuwar ɗakin Mama Priskila, aka jingina waya da turmi, don an bar kowa ya kalli gasar. Sai ga Malam Mijinyawa a bakin rumfa, gumi na bin wuyan kwat. Ya zuba Turanci, ya ce tausayin matan karkara ne ya hana shi barci har ya ƙirƙiro wannan dabara. Mama Priskila ta yi tsaki.

"Yanzu ku biyo ni ku gani da idonku," in ji shi.

Ya murɗa makulli, ya tura ƙofa, ya juya kyamara ciki. Ƙudaje suka tashi buu. Tulin ruɓaɓɓen mangwaro na ta tsiyayar ruwa a ƙasa, a samansa kuma ga allo da manyan baƙaƙe: Busasshen Mangwaron Zubaidatu, Garaku, da lambar wayarta.

Sai wata daga cikin alƙalan ta gyara tabarau.

"Malam Mijinyawa, ina na'urar da muka gani a hoto? Kuma wace ce Zubaidatu? Ba ita ce wadda muka ba ka ka jagoranta ba?"

Ya ce netwok na yankewa, ba ya ji sosai. Netwok kuwa ranar lafiyarsa ƙalau, har motsin maƙogwaronsa ana gani. Ya ƙara wasu 'yan kame-kame, sannan fuskarsa ta ɓace daga wayar.

Matan suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Zubaidatu ba ta yi ba. Gasar bana ta wuce ta, ta sani, ba abin da zai dawo da ita. Amma ta ji daɗi har cikin ranta, kuma ba ta ji kunyar jin daɗin ba.

Wayar Zubaidatu ta yi ƙara. Shi ne.

"Zubaidatu, ni za ki yi wa haka? A gaban duniya? Kin san abin da kika jawo mini?"

Ta ɗauki wuƙarta, ta jawo kwandon mangwaro gabanta.

"Ba ka shirya ba tukuna, Malam," in ji ta. "A bari sai zagaye na gaba. Makullin kuma ka mayar inda ka ɗauka."