Abin da Samfefa Ta Tono

Sifana ake ce masa, alhali a ofishin ruwa yake aiki, kuma ko famfon gidansa ne ya tsiyaya sai an kira mai gyara. Sunan ya biyo shi ne daga ɗan ɗakin da ke jikin garejinsa, inda yake tara tsofaffin kekunan tsalle, masu ƙananan tayoyi da faffaɗan sitiyari, irin waɗanda yaran da suka hau su yanzu duk sun fara furfura. Duk ranar hutu yana can yana fama da tsatsa. Matarsa takan ce da ƙarfe na cin gado, da kekunan nan sun riga 'ya'yanta.

Abin ya kama shi tun yana yaro. Babansu ya taɓa saya masa irin keken, shuɗi, bai shekara da shi ba aka sace shi a ƙofar gida. Wanda aka gani da shi na ƙarshe kuwa Gajere ne, amininsa, wanda ko ruwa ɗayansu ba ya sha sai da ɗayan. Uban Gajere ya yi wa ɗansa dukan da sai da maƙwabta suka shiga tsakani, keke dai bai fito ba. Tun daga ranar Sifana bai ƙara ce wa Gajere uffan ba. Yau Gajere na da shagon aski a bakin layinsu, amma Sifana gara ya tsallaka unguwa biyu a yi masa aski. In an kawo masa maganar sulhu sai ya ce shi ba gaba yake yi ba, ɓarawo ne dai ba ya gaisarwa.

Wata rana yayansa, direban babbar mota, ya shigo garejin da wani baƙin firam na keke a hannu, ba taya ba sarƙa. Sifana ya gane shi nan take. Keken Yaya ne, wanda ya dawo da shi daga makarantar kwana shekarar da ta biyo bayan satar, ya ce wani abokinsa ne ya bar masa. Sau da yawa Yaya ya goya shi a kansa don ya rage masa zafin rashin nasa.

"Autana ya hana ni sakat," in ji Yaya. "Fesa masa ja kawai, ka sa masa taya da burki. Don Allah ban da dogon binciken nan naka."

Sifana ya ce to, amma hali zanen dutse. Shi ba ya fesa fenti a kan fenti, ba ya kuma kai wa masu injin kankara su cinye komai a tashi ɗaya. Samfefa mai laushi yake sawa da ɗan ruwa, ya riƙa bi a hankali har sai ya ga launin da keke ya fito da shi daga kamfani. Abokan sha'awarsa har tsokanarsa suke yi, wai shi ba gyara yake yi ba, tonon asiri yake yi.

Ya ɗaure firam ɗin a jikin teburi ya fara daga ƙarƙashin sirdi. Baƙin fentin mai kauri ne, na buroshi, an lafta shi kamar ana sauri. Bai jima yana gogawa ba sai ruwan ya sauya launi. Shuɗi. Ya ɗan tsaya, sannan ya yi tsaki, ai ba shi kaɗai aka yi wa shuɗi a duniya ba. Ya ci gaba. Samfefar ta hau wani ɗan tudu, wata mummunar walda, daidai inda nasa ya taɓa tsagewa ranar da ya faɗa kwata. Ya juya firam ɗin da sauri, ya nufi wurin da feda ke shiga, ya goga har samfefar ta yage a hannunsa. Ga ɗan kifin da ya zana wa kekensa da ƙusa tun yana yaro, da karkatacciyar jelarsa, baƙin fenti ya cika layukan.

Ya zauna a ƙasa daɓas, cikin ruwan fentin. Matarsa ta leƙo da kofin shayi, ta gan shi baki buɗe.

"Baban yara, lafiya? Ka yanke ne?"

"Kekena ne," ya ce. "Kekena ne, wallahi. A kansa yake goya ni."

Bai ko wanke hannu ba ya saɓa firam ɗin ya nufi gidan Yaya. Ya same shi a tsakar gida yana wanke takalmi. Ya ajiye ƙarfen a gabansa, ya nuna masa kifin. Ya zaci zai musa, ko ya sunkuyar da kai. Ina! Yaya ya kalli shuɗin, sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Kai, ka ga na ma manta shuɗi ne! Ai na ce maka ban da bincike."

"Yaya, dariya kake yi?"

"To kuka zan yi? Ni ne babba, aka tsallake ni aka saya maka. Yarinta ce, ta wuce."

"Gajere fa? Dukan da ya sha fa?"

"Ya mutu ne? Ga shi can da shagonsa da ƙibarsa." Ya ci gaba da cuɗa takalminsa. "Kuma kada ka ɗauka wani babban sirri ne. Umma, Allah ya jiƙanta, ta gan shi a bayan tankin ruwa tun a makon. Ita ta ce in yi maza in fitar da shi kafin Baba ya gani ya karya ni."

Wannan ta fi ta farkon ciwo. Ummar da ta riƙa share masa hawaye tana ce masa ya bar yaron can da Allah! Sifana ya bar firam ɗin a nan ya fita.

Ƙafarsa ce ta kai shi shagon aski, ba shi ba. Babu kowa a ciki sai Gajere yana kaɗe gashi daga kujera da tawul. Ya yi ƙiba da gaske, ga sanƙo. Da ya ga wanda ya shigo sai tawul ɗin ya tsaya a hannunsa. Sifana ya rasa ta inda zai fara, sai kawai ya zauna a kujerar kamar mai son aski. Suka haɗa ido ta madubi.

"Na ga keken," ya ce da ƙyar. "Yana wurin Yaya. Tun can yana wurinsa."

Gajere bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ɗauki kilifa ya busa haƙoranta, ya mayar ya ajiye.

"Na sani. A gabana ya tura shi bayan tanki."

"Ka sani? To me ya hana ka faɗa?"

Gajere ya kalle shi ta madubin.

"Na faɗa maka," ya ce. "Da yammar ranar, bakina na jini, na zo har ƙofarku na faɗa maka. Ka ce yayanka ba ɓarawo ba ne, ka ƙara mini mari."

Sifana ya lalubi ranar a ransa, sai ga ta nan daram, har da zafin tafin hannunsa.