Ƙafar da Ta Saba da Laka

Karan dawa ya sake sauka a kuncin Nomau, karo na biyar ke nan, tun bai kai ga sakin hannu ba. Tsoho Kabo, ubangidansa a dambe, ko gusawa bai yi ba. Mutumin da yanar ido ta rufe wa gani, wanda sai an ja shi zuwa mahauta, shi ne ke taɓa fuskar ƙato kamar mai korar ƙuda.

"Sake," in ji Kabo.

Nomau ya ciji leɓe. Gobe ne damben kaka, na farko tun da kumandan, Baturen mulki, ya taso da Maraɗi daga bakin gulbi zuwa tudu, kuma an haɗa shi da Tanimu na Tibiri. A gidan Kabo kuwa ba mai shiga fage sai tsohon ya naɗe masa zare a hannu da kansa. Abin da ya kawo Nomau ke nan, ba shan kara ba.

Kuma Allah ya sani ya wahala. Wata huɗu gonar babansa ta riƙe shi a Jiratawa. Kullum in ya ajiye hauya sai ya gangara fadama, inda ya rataye buhun yashi a reshen tsamiya. Buhu uku ya fasa. Ba mai yabo ba mai kushe, sai balbelu, su kuma ba su san dambe ba.

"Ina kake dukan buhun nan naka?" Kabo ya tambaya.

"Hwadama, Baba."

"Cikin laka ke nan. To ƙahwarka ta saba a riƙe ta. Sai ka hizge dudduge tukuna, sannan hannu shi tashi. Nan tudu babu laka, amma hal yanzu kana cire ta. Ni da ba ni gani ina jin ta. Tanimu ko ido biyu gare shi."

"Baba, wata huɗu hwa na yi."

"Ban ce ba ka yi aiki ba. Iskar hannunka kaɗai ta ishe ni shaida. Amma buhu ba shi ramawa, ba shi kuma hwaɗa maka gaskiya. Gobe ba ni naɗa maka."

Nomau ya fita ko sallama babu, ransa a ɓace. Ya tsani tsohon, ya tsani kansa da ya san tsohon ba ya ƙarya.

Washegari fage ya cika. Kumandan na zaune ƙarƙashin rumfa, gardawa, wato dogaransa, na tura mutane baya. Sha'ibu, abokin Nomau a mahauta, ya raɗa masa, "Zare zare ne. Miƙo hannun in naɗa maka, wa za shi sani?"

Nomau ya ce ya dakata. Tanimu ne a fili da wani ɗan Zariya. A nan ya lura da abin da ya sanyaya masa jiki: Tanimu ba ya duban fuskar abokin karawa, idonsa na ƙasa, a kan ƙafafu. Ɗan Zariya ya ɗan muskuta yatsun ƙafa, kafin ka ce kwabo yana kwance da jini a baki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai kalangu ya juyo yana kiran Nomau da takensa. Ya kira na biyu, ya kira na uku. Wata mai fura ta ce da ƙarfi, "Ashe na Jiratawa kallo ya zo." Fage ya kwashe da dariya. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma bai tashi ba.

Da la'asar ya yi sallama a zauren Kabo.

"Na jiyo kalangu sau ukku," in ji tsohon.

"Ban tashi ba, Baba."

Kabo ya lalubi bayan tabarma ya jawo damin karan dawa, sabon yanka, ya zari ɗaya.

"Na jiya ya karye. Tun da sahe na sa aka yanko waɗanga." Ya dafa bango ya miƙe, ya karkata kunne wajen ƙasa. "Sake."