Bugun da Ya Bi Agogo

Abin ya fara ne a shekarar 1982, bayan dawowar alhazai. A lokacin Malama Salomi ta daɗe tana aikin jinya a wani ƙaramin ɗakin shan magani a Kurfi, tana zuwa kowace safiya daga Dutsin-Ma, inda take zaune da mijinta Ernest. Da yake likita yana da nisa, mutanen gari sun saba da kiranta idan numfashin wani ya ɗauke. Ba a ɗora ruwan wanka, ba a aika makabarta, sai ta riƙe hannun mutum ta ce ya cika.

Agogon da take aiki da shi tun tana makarantar koyon jinya irin wanda ake wanawa da safe ne. Siririn hannunsa mai nuna daƙiƙa yana zagayawa sumul, ba ya tsayawa. Idonta yana binsa, yatsunta suna ƙirga bugun jini, kowa da aikinsa.

Hajiya Luba, matar Malam Ahmadu limamin unguwa, ita ta kawo mata sabo tsarabar Makka. Aminai ne, domin Salomi ce ta karɓi haihuwar 'ya'yanta na ƙarshe.

"Cire wannan tsohon, Malama," in ji Hajiya. "Kullum sai an murɗa masa kunne kafin ya yi aiki. Wannan na batir ne, ba ya neman komai a wurinki."

Salomi ta ɗaura, ta duba. "Hajiya, ai ɗingishi yake yi. Ya taka, ya tsaya, ya taka, ya tsaya."

"To, ni ma haka nake tafiya tun da na yi Safa da Marwa, kuma ina isa inda za ni."

Suka yi dariya. Tsohon agogon Salomi ta ba wa ƙanwarta da za ta tafi karatu, ba ta sake tunaninsa ba.

Da bazara ta shigo, wata rana da hantsi, aka tare ta a bakin hanya tana sauka daga mota. Hajiya Luba ta faɗi a tsakar gida tana shanya gero. Salomi ta tafi yadda take, abinta na sauraron ƙirji yana can a rufe a ɗakin magani. Ta tarar an shigar da Hajiya ɗaki, mata sun cika ƙofa, babu mai magana. Ta ɗaga fatar idonta, babu motsi. Ta kara madubi a hancinta, bai yi suraci ba. Sannan ta kama wuyan hannunta, ta dubi agogo kamar yadda ta saba.

Ta ji bugu. Ɗan ƙarami ne ƙwarai, kamar motsin zare a ƙarƙashin fata. Duk lokacin da hannun agogon ya taka, sai ta ji shi. Ya tsaya, shi ma ya tsaya. Ta rufe ido, amma ɗakin ya yi tsit har tana jin ƙas-ƙas ɗin agogon a kunnenta, bugun kuma yana nan tare da shi.

"Malama," in ji Inna Hassana, tsohuwar da ke wanke gawar mata, "rana tana yi, ga zafi. Kada a wahalar da baiwar Allah."

Salomi ta gaya wa kanta cewa babu zuciyar ɗan Adam da za ta jera kafaɗa da inji haka, ba gaba ba baya. Agogon ne take ji a yatsunta. Ido ya ce babu, madubi ya ce babu. Ta ajiye hannun a hankali.

"Ta cika," ta ce.

Salati ya tashi. Kafin azahar an kai Hajiya Luba makwancinta.

Sai a mota, a hanyar komawa gida, tambayar ta zo mata: me ya hana ta cire agogon, ta miƙa a fita da shi, ta sake ji? Abu ne da ba zai ɗauki lokacin shan ruwa ba.

Washegari ta gwada. Ta kama ƙafar tebur da yatsu biyu, ta zuba wa agogon ido. Jim kaɗan sai ga bugun, a cikin busasshen katako. Ta saki ajiyar zuciya, ta gode wa Allah. Ashe yaudara ce ta ido da yatsa.

Da ta tsaya a nan, da ta samu sauƙi. Amma da yamma Ernest yana kishingiɗe a gindin dalbejiya, ya huta, sai ta kama hannunsa.

"Maman Justina, lafiyata ƙalau. In tuwo ne ya ƙone, ki faɗa kawai."

"Yi shiru, Baban Justina."

Zuciyarsa tana bugawa da ƙarfi, a natse. Ta dubi agogo. Hannun ya taka, zuciyar ta buga. Ya taka, ta buga. Suka jera tare, mai rai da inji, har tsawon lokacin da ya fi wanda ta riƙe hannun Hajiya, kafin suka rabu kaɗan. Katako ya ce mata agogo ne. Mijinta ya ce mata mai rai ma yana iya yin haka.

Ta faɗa wa Ernest komai. Ya ce duk alamu sun nuna matar ta rasu, kuma wa'adi na Allah ne. Ya ce ai tsohon agogon ma takawa yake yi, sai dai takunsa ƙanana ne da sauri har ido ba ya raba su. Ta san gaskiya ya faɗa. Amma wancan bai taɓa shiga tsakaninta da mara lafiya ba.

Tun daga nan bugun bai bar ta ba. Tana jin sa a jikin muciya, a murfin littafin addu'a ranar Lahadi, a ƙarfen kujerar mota. Motar Kurfi kuwa tana bi ta kusa da makabarta, kuma kullum idan an zo wurin sai ta ga ta dunƙule hannu a cinya. Ba ta taɓa ganin Hajiya a mafarki ba. Abin da take gani, ido biyu, shi ne hannun nan mai lalle a ƙarƙashin ƙasa, da ɗan zaren da ke motsi a cikinsa, yana takawa yana tsayawa. Ta yi addu'a a cire mata wannan, ko kuma a sanar da ita gaskiya. Ba a ba ta ko ɗaya ba.

Malam Ahmadu ya zo har ɗakin magani ya yi mata godiya. "Kin rufa mana asiri, Malama. Ba a bar ta ta wahala a zafi ba. Allah Ya saka miki." Ta buɗe baki, ta dubi dattijon da ya rame, ta ga babu abin da za ta ba shi sai irin nata ciwon. Ta ce amin.

Da damina ta sauka aka zo kiranta daga Birchi. Wani manomi, Alu, ya yanke jiki ya faɗi a gona, an ɗauko shi gida. Ƙanen marigayiya Hajiya Luba ne, saboda haka Malam ya riga ta isa, shi zai yi sallar. Ta ga makara jingine a zaure, ta ji an ce masu haƙa kabari sun tafi.

Wannan karon ta zo da kayan aikinta. Kafin ta shiga ɗakin ta kwance agogon, ta miƙa wa wata mata ta ce a kai shi zaure. Ta saurari ƙirjin Alu, ba ta ji komai ba sai ruwan da ke ɗiga daga indararo. Ta duba ido. Ta kara madubi. Sannan ta kama hannunsa, ta rufe nata idon.

Bugun yana nan. Babu agogo a ɗakin, babu ƙararsa, amma ga shi ƙarƙashin yatsunta, yana takawa yana tsayawa. Ko nasa ne, ko nata ne, ko na Hajiya Luba ne da ya biyo ta, ba ta da hanyar sani.

"Malama," muryar Malam Ahmadu ta zo daga bayan labule, a tausashe. "Hadari yana sake haɗuwa. Gaggauta jana'iza shi ne aka umarce mu. Me kika gani?"

"Ban gama ba, Malam."

"Yo mutum ya yi sanyi, me ya rage?" wani ya ce daga tsakar gida. "Ko sai ya tashi ya gaya mata da bakinsa?"

Matar Alu tana zaune a ƙuryar ɗaki, ta zuba mata ido, tsoro da fata sun gauraye a fuskarta. Salomi ta san kowane jinkiri zalunci ne ga wannan mata. Ta san kuma daga yau mai yiwuwa ba za a sake kiranta gidan kowa ba, za a ce baƙuwa ta tsare gawar Musulmi a kan gado.

Ta jawo tabarma ta zauna, hannun Alu yana cikin nata.

"Malam, a yi mini haƙuri, a sauke ruwan wankan nan daga wuta," ta ce. "Ba zan ce ya cika ba sai jikinsa ya sandare a hannuna, ko da za mu kai magariba."