Ƙwanƙwasa Biyu a Rufin Mota

...kuma ba wanda ya sani, daɗin abin ke nan. Ermine tana kujera ta uku a motar 'yan yawon buɗe ido, katin jirgin ruwa rataye a wuya, malafa a ka, kamar kowa. Baƙuwa. Ta biya kuɗi a nuna mata tsibirin Grenada, ita da aka binne cibiyarta a nan. Shekara talatin da takwas a Toronto... me ya rage? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Jirgi kuma ƙarfe biyar zai tashi, ba ya jiran kowa.

Direban, Alston yake ko wa, yana ta bayani: wannan ita ce gyaɗar ƙamshi, jan da ke jikinta daban ake sayarwa. Turawa suna ɗaukar hoto. Ita ma tana ɗauka. Hoton abin da ya cinye mata farce tana yarinya — Mama da tire, Yaya Cislyn tana ɓarewa tana waƙa... A'a. Ba wannan ya kawo ta ba. Tsibiri biyar a kwana bakwai, wannan na huɗu ne kawai. Na huɗu.

Shekara goma sha ɗaya da rasuwar Mama. Ba ta zo ba. Aiki, ƙanƙara, takardu — hujja ai ba ta ƙarewa. Fure ta aiko. “Fure ne zai kama mini akwatin gawa?” Maganar Cislyn ta ƙarshe ke nan, ba ta sake ɗaukar waya ba. Ta yi gaskiya kuwa. To sai me?

Biri a kafaɗar wata Baturiya. Dariya. Ƙarfe biyu da rabi, ruwan kwakwa ya huce a hannu. Mota tana hawan tudu, kwana bayan kwana... coci ya sha sabon fenti. Famfon bakin hanya, har yanzu ɗiga yake? Gada. Bayan gada shuɗin gidansu, matakala bakwai, ta huɗun a fashe. Za su wuce ne, daƙiƙa uku, ta kalla ta gilashi yadda ta kalli birin —

Ƙwas, ƙwas.

Hannun wa? Nata ne. Ya tashi da kansa ya ƙwanƙwasa rufin mota sau biyu, yadda duk ɗan tsibirin nan ke tsayar da motar haya in ya iso gida. Alston ya taka birki tun kafin ya yi tunani.

“Kai! Wa ya mayar mini da mota ta haya?” Ya leƙo ta madubi, ya fashe da dariya. “Anti! Ashe ke 'yar gida ce, kika bar ni ina ta zuba tun safe? Sauka za ki yi?”

Kowa ya juyo. A baranda wata tsohuwa — tsohuwa? Cislyn ce. Furfurar Mama sak, tire a cinya, ta ɗago tana duban motar da ta tsaya inda motar baƙi ba ta taɓa tsayawa ba. Gilashin mai duhu ne, ba ta ganin ciki. Ba za ta taɓa sani ba, in dai...

Tsoro ne. Ba wani abu ba, tsoro Ermine take ji.

“Anti, jirgi fa ba ya jira.”

Shekara talatin da takwas tana gyara harshe, tana gyara tafiya, tana gyara dariya — ashe ta manta da hannu. Ƙofa a buɗe. Inji yana kaɗawa. Matakala bakwai ne kawai. Hannu dai ya faɗi tasa... ƙafar ce har yanzu ba ta ce komai ba.