Tsaftar Tinga

Shekara goma sha tara Tinga Sawadogo yana kula da tafkunan da ruwan kwatar gari ke taruwa a bayan Wagadugu, kuma ba wanda ya taɓa kama shi da ƙazanta. Aikin mai wari ne, amma mutumin tsaf-tsaf yake. Abin da ya fi tsana a duniya gansakuka. Da ya hango kore ya fara kwanciya a bakin siminti, sai ya zaro buroshi kamar an zagi uwarsa.

A tafki na ƙarshe, inda ruwa ya riga ya kwanta, yana kiwon kifin karfasa, daga nan kuma ruwan ke gangarawa lambunan salak da albasa. Bana kifin suka daina yaɗuwa. Sai jami'a ta turo mai bincike, Dakta Odil Pare, 'yar ƙabilar Samo. Samo da Mosi kuwa, ƙabilar su Tinga, abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, ba a fushi.

"Kai bawana, riƙe min bokitin nan," ta ce da shi tun ranar farko.

"Ikon Allah," in ji Tinga. "An ba baiwa farar riga, har ta fara aiken iyayen gidanta."

Bayan mako biyu ta dawo da amsa, kuma a nan ta yi wauta, domin a gaban masu lambu ta faɗe ta. Ta ce ta sami ƙwai a cikin mazan kifin. Akwai wani sinadari da jikin kowace mace ke fitarwa a fitsari, akwai kuma ragowar ƙwayar tazarar haihuwa, su ne ke biyo kwata su jawo haka, don tafkunan ba sa iya tace su.

Kunne yakan ɗauki abin da ya tsorata shi ne ya bar saura. Tsoho Rawogo, shugaban masu lambu, bai ji komai ba sai ƙwaya da namiji mai ƙwai.

"To in kifi ya koma mace, mu da muke wuni tsundum a ruwan nan fa? Sai mun fara ɗaura zane?"

Aka yi dariya, amma ba ta kai ciki ba. Kafin Juma'a sun kai kuka wurin Naba, mai unguwarsu, cewa a hana asibitin unguwa ba mata ƙwayar.

Tinga ya kasa cin tuwo. Shekara huɗu da suka wuce matarsa Nopoko ta kusa tafiya wajen haihuwarta ta bakwai, ungozoma kuma ta ja shi gefe ta ce wani cikin shi ne ajalinta. Tun daga lokacin, duk wata uku yakan goya ta a keke ya kai ta asibitin karɓar ƙwayar, ya tsaya can gindin mangwaro kamar mai jiran wani. Ba wanda ya sani. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ga kuma kunyar da ba ta barin namiji ya buɗe baki a kan irin wannan.

Dakta Odil ta roƙi Naba kwana arba'in don ta samar wa ruwan magani. Ta sa aka gina wani dogon kwarmi na siminti, zurfinsa bai wuce gwiwa ba, da fanka mai juya ruwa. Ta zuba wani abu daga jarka. Ta yi wa Tinga dogon bayani da Faransanci a kan ƙananan tsirran da ido ba ya gani, masu shanye sinadarin su narkar da shi in rana ta buge su. Tinga ya yi ta gyaɗa kai. Ya ɗauka tsirran suna can ƙasan ruwa suna aikinsu, bai taɓa kawowa a ransa cewa tsohuwar abokiyar gabarsa ake nufi ba.

Kullum ruwan kwarmin sai ƙara kore yake yi, har ya zama kamar miyar kuka. Tinga ya yi ta cije leɓe. Ran Lahadi, ana gobe Naba zai zo ganin maganin, Dakta ba ta nan, ya tsaya ya dubi abin ya ce wallahi ba za a kunyata shi a gaban manya ba. Ya buɗe magudana, ya zubar da ruwan tas, ya goge siminti har yana ƙyalli. Ya koma gida da ciwon baya da farin ciki.

Da safe Dakta Odil ta sauka daga babur, ta dubi kwarmin, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Tinga, ina ka kai min ruwana?"

Yau ba ta ce bawana ba, nan ya gane akwai magana.

"Na wanke miki shi. Gansakuka ta cinye ko'ina."

"Gansakukar ita ce maganin! Ita na yi kwana arba'in ina reno!"

Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ga Naba nan tafe, masu lambu na biye da shi.

Ta yi iya ƙoƙarinta. Ta fito da takardun awon da ta yi a makonnin baya, ta nuna yadda sinadarin ke raguwa. Rawogo ya leƙa busasshen kwarmi ya taɓe baki.

"'Yar nan, takarda ba ta ban ruwa. Kin ce za mu ga magani, ga shi mun ga siminti. Naba, a rufe musu ƙwayar nan kawai."

Naba ya gyara zama zai yi magana. Sai Tinga ya cire hularsa, ya durƙusa.

"Naba, ranka ya daɗe, laifina ne. Ni na zubar da maganin da hannuna, don jahilci. A ƙara mata kwana arba'in." Ya ƙara da cewa, "Kuma ƙwayar da ake magana, uwar 'ya'yana tana sha. Ni nake kai ta a kekena. In aka hana, to a tanadi masu haƙa kabari, don an gaya min ba za ta tashi daga wani cikin ba."

Tinga ya jira dariya, ba ta zo ba. Da ya ɗaga ido sai ya ga maza da dama sun sami abin kallo a yatsun ƙafarsu.

Dakta Odil ce ta kwance ƙullin. "Naba, ka ga halin bayin nan namu. A ba Bamoshe magani ya wanke shi da sabulu! Ka bar min shi, ni zan hore shi."

Naba ya murmusa, ya ce an ƙara kwana arba'in, asibiti kuma kada wanda ya taɓa.

Ta tafi jami'a ɗebo sabon irin gansakukar. Tinga ya ɗauki buroshinsa ya kulle a ɗaki, ya fara tara ruwa a kwarmin. Yana cikin haka ya ji tari a bayansa. Rawogo ne, shi kaɗai, yana murza hula a hannu, idonsa na kan ruwan.

"Tinga, 'yata Talato, ka san ta. Haihuwa biyar ke nan a shekara shida, ta ƙare sai ido." Ya rage murya. "Wace rana ce ba a cika layi a asibitin ba?"