Mai Ihu a Cikin Akwati

Kaka ba ta wasa da abin da 'yarta Auta ta saya mata. Shi ya sa ɗan rautar nan mai girman sabulu, wanda ke kawo wa wayarta intanet, ya fi kowa gata a gidan: ta naɗe shi da ɗankwali, ta sa a akwatin ƙarfe, ta tura ƙarƙashin gado. Amma ɗan banzan bai san alheri ba. A cika masa caji da safe, kafin azahar ya mutu, jikinsa zafi rau kamar mai zazzaɓi.

Ranar da Auta ta fara naƙuda a can garin da take aure, babu wuta tun asuba, caji kuma saura ƙiris. Mijinta ya ce zai kira ta bidiyo da zarar ta sauka. Hankalin Kaka ya tashi, don an daɗe ana jiran wannan haihuwa, kuma so take ta gani da idonta.

Ta kira maƙwabcinta mai gyaran waya, ta kai masa ƙara cewa batirin jabu ne, an cuci 'yarta. Ya tambayi inda take ajiye rautar. Ta jawo akwatin tana alfahari. Mutumin ya yi dariya har da dafa bango.

"Inna, ai da eriyar kamfanin waya ta bakin titi yake magana. Kin kulle shi cikin ƙarfe, ba ya jin ta sosai, sai ya dinga kwarara ihu. Ihun ne ke cinye cajin."

Kaka ta dubi rautar. Ita da ke zaune da miji mai nauyin kunne, ta san yadda ihu ke ƙarar da mutum. Tausayi ya kama ta. Ta warware ɗankwalin, ta ɗora rautar a kan taga, har da ba shi haƙuri.

Jikinsa ya huce, ɗan cajin ya kai la'asar. Sai ga kira, ga Auta tana murmushin gajiya, ga jariri yana tsala kuka iya ƙarfinsa. Hawayen daɗi suka zubo wa Kaka.

"Auta, matsar da shi kusa da taga," in ji ta, "kada cajinsa ya ƙare."

Suna cikin dariya rautar ya mutu. Kaka ba ta ga laifinsa ba, ta riga ta ga jikanta.