Lambobin da Sifirit Ya Wanke

Wata huɗu na kashe a kan guntayen ƙarfe marar tsatsa guda goma sha biyu, kowanne bai wuce akwatin ashana ba. Na zuba wa kowanne garin ƙarfe, na narkar da shi da hasken leza ya zama rufi, ina ƙara ƙarfin hasken daga guntu zuwa guntu. Lambobinsu na rubuta a bayansu da alƙalamin maka. Digirina kacokan a kan lambobin nan ya rataya, injin lezar kuma na aro ne, masu shi sun kwashe abinsu.

Ranar Litinin na tarar da guntayen jere a tire suna ƙyalli, bayansu fes.

Baba Tsafta, mai kula da ɗakin gwaji, har da murmushinsa. "Baƙi za su zo, 'yata. Na ga duk shatin yatsu, na goge miki da sifirit."

"Baba, wa ya aike ka?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Shekara talatin yana wankin kwalabe, a ce bai san sifirit na cin tawadar maka ba? Haushin kaina ma ya ishe ni, ni da na yi ƙyuyar sassaƙa lambobin.

Kwana uku na duƙufa a kan madubin ƙara girma. Inda hasken ya yi kaɗan, garin bai gama narkewa ba, duk ramuka. Inda ya yi yawa, ƙwayoyin rufin sun yi ɓul-ɓul, ƙarfen da ke ƙarƙashi ya narke ya cakuɗe da shi, ga tsaga. Da haka na gane goma. Saura na shida da na bakwai, ƙwayoyinsu ƙanana kamar an tankaɗe, amma ɗaya ya fi tauri nesa ba kusa ba. Shi nake nema tun farko, kuma ban san wane ƙarfin haske ya haife shi ba.

Na kai wa Farfesa, mai duba aikina. Ko madubin bai leƙa ba. "Zaɓi ɗaya mana. Wa zai sani?"

Wannan ta fi ta Baba ƙona mini rai. Baba dai gyara ya so yi.

"Wanda zai saita injinsa da lambar zai sani, Farfesa."

A gurbin biyun na rubuta "ba a tantance ba". Aka ɗage kammalawata shekara guda.

Jiya na sami sabon abin sassaƙa ƙarfe a teburina, an goge shi tas. Baba yana can yana wanke kwalabe, ya juya mini baya. Har yanzu na kasa ce masa na gode.